Gangar Mani Ba Ta da Birki

Duk wanda ya ratsa Kwarin Gawo da damina, ƙauyen nan namu da ke can bayan Tsanyawa, ba mamaki ya ci karo da wasu mutum biyu a hanyar gona. Na gaba siriri ne kamar karan dawa, ya rataya gangar da ta fi shi ƙiba. Na baya tsoho ne tukuf, yana dogara sanda, kuncinsa guda a kumbure da goro. Na gaban shi ne Mani. Na bayan mahaifinsa ne, Baba Nababa, kuma kada ka ɗauka rakiya yake yi. Wurin aiki za shi.

Gidansu gidan gangar noma ne tun kakanni. In mutum ya kira gayya, maza suka taru taya shi noma, daga gidan nan ake ɗauko wanda zai bi bayansu da kiɗa. Kowane manomi da takensa, da ya ji an kaɗa nasa sai ya manta yana da ciwon baya. Baba Nababa a lokacinsa, an ce ko jaki ya ji gangarsa sai ya gyara tafiya.

Mani ɗan fari ne, saboda haka uban bai taɓa kama sunansa ba. "Kai wancan" yake ce masa. Yau Mani ya haura arba'in, ga furfura a gemu, ga 'ya'ya biyar, amma har gobe wancan ne.

Allah ya yi Mani da kunne kamar kaset. Abin da ya ji sau ɗaya ya zauna ke nan. Inda matsalar take, kunnen ba ya zaɓe, komai ya zo kwashewa yake yi. Baba Nababa mutum ne mai goro, kuma yana da wata ɗabi'a: in ya yi kiɗa ya yi kiɗa bakinsa ya cika, sai ya tsai da hannu, ya yi kaki, ƙaaƙ, ya juya hagu ya tofar, sannan ya ɗora. Mani tun yana ƙarami yana biye da shi, sai ya ɗauka wannan ma cikin kiɗan yake, ya haddace har da shi. Shi ba ya cin goro, jiri yake sa shi, amma in ya zo daidai wurin sai ka ga ya tsaya cak, ya juya hagu, ya kalli ƙasa, sannan ya ci gaba. Abin har ya bi jikinsa. Ko tuwo yake ci, in tsohon ya yi kakin nan daga ɗakinsa, lomar a iska take tsayawa sai an tofar.

Akwai shekarar da rina ta harbi Baba Nababa a wuya ana tsakiyar taken Sarkin Noma, ya saki gular da yake bugu da ita ya kai wa wuyansa mari. Shekara talatin ke nan, rinar ta daɗe da mutuwa, amma duk ranar da Mani ya kaɗa taken nan sai ya mari kansa a daidai wurin. Ko zance da ya je wurin matarsa Tani, maganar da ya ji wani abokinsa ya yi wa tasa budurwar ya kwaso, har da sunan waccan.

Wannan duk da sauƙi. Babban abin shi ne jerin. Mani ya haddace taken mutane a jere, yadda uban ya jera su a wata gayya tun yana yaro, kuma ba ya iya tsallake ko ɗaya. Rabin mutanen kuwa sun riga mu gidan gaskiya. Lokacin da hannun tsohon ya fara rawa aka gwada Mani da gayya, sai da ya yi wa mamata bakwai kiɗa kafin ya iso kan mai rai na farko. Maza sun miƙe, hannu a ƙugu, suna jira. Wani ya ce a yi musu fatiha kawai a wuce. Daga ranar Baba Nababa ya rataye ganga a ɗakinsa ya hana kowa taɓawa. Mutane suka koma noma da waya a aljihu, kowa da waƙarsa a kunne, kamar taron kurame.

Shekara shida ganga tana rataye. Mani yana nomansa, yana kiwon awakinsa, yana shiga ɗakin uban da sunan gaisuwa yana satar kallonta.

Bara da ruwa ya zauna, Alhaji Abdulmumini ya aiko cewa zai kira gayyar maimai, wato noma na biyu, kuma shi da ganga yake so irin na da. Tsohon ya sa aka kira Mani.

"Kai wancan, zauna. Zakiyyu ɗan ƙanena na Shanono ya aiko sau uku yana son gangar nan."

Zakiyyu mai sa kiɗa ne a gidajen biki, da manyan sifiku a bayan babur. Mani ya san abin da yake so ya yi da ita, don da bakinsa ya faɗa: zai shafe ta da fenti, ya sa mata ƙwan lantarki mai walƙiya a ciki, ya kafa ta a ƙofar shagonsa.

"Baba, gangar kaka? Fitila?"

"Ita ma ta gaji da rataya. Saura sati uku gayyar Alhaji. In ka kai maza gindin tsamiyar da ke ƙarshen gonarsa kafin kiran azahar, ba ka tashi matattu ba, ba ka mari kanka ba, ganga taka ce. In ka kasa, ranar a Shanono za ta kwana."

"To Baba ku koya min."

"Abin da na koya maka ne ya kashe ka. Ni wa ya koya min? Mu biyar muke zama gindin ɗorawa bayan la'asar, kowa da abin bugunsa. Wannan ya jefo, wancan ya cafe, babu wanda ya san inda za a. Je ka nemi abokan kiɗa."

"Baba ai duk sun rasu."

"To ka ga ka san takensu."

Ganga dai an ce sai ranar. Mani ya ɗauki wata tsohuwar jarka da ta tsage a gindi, ya fita neman abokan kiɗa a garin da makaɗi ɗaya ya rage, shi ma hannunsa yana rawa.

Bai yi nisa ba. Tani da maƙwabtanta biyu suna surfe a tsakar gida, turmi ɗaya taɓarya uku, suna lugude. Da yake akwai matan mutane a ciki, sai ya zauna bayan zana ya fara buga musu taken marigayi na farko.

"Baban Nazira!" Tani ta ɗaga murya. "Ko ka bi mu ko ka tashi. Ka sa Rahmatu ta kusa dake ƙafarta."

"Ai kiɗan haka yake."

"Wannan na gidanku ne. Nan turmi ne."

Sai ya yi shiru, abin da bai taɓa yi ba da abin bugu a hannunsa. Ya saurara. Dum, dum, dum. Can ya ji wani ɗan rami: Rahmatu takan cilla taɓaryarta sama ta tafa hannu kafin ta cafe, a nan wurin babu kowa. Da ramin ya sake zagayowa, hannunsa ya jefa abu ɗaya a ciki, kwam. Shi kansa ya tsorata, ya waiwaya ko wani ya gani. Daga cikin gida aka kwashe da dariya. Rahmatu ta sake cillawa ta tafa sau biyu, ya ba ta biyu. Tani ta yi uku, ya ba ta biyu da rabi don tsokana. Wannan biyu da rabin ba na Baba Nababa ba ne, ba na kowa ba ne. Mani ya ji wani abu yana masa yawo a ƙirji kamar ya kurɓi kunu da zafi.

Ba su farga ba sai da geron da aka zuba don surfe ya koma gari, dusa da komai. Kwana uku ana haka, gida uku suna cin tuwo mai shaƙe wuya. Rana ta huɗu mazan matan suka same shi a ƙofar masallaci, suka roƙe shi don girman Allah ya nemi wasu abokan.

Sai ya nufi rumfar Muntaka mai injin niƙa. Muntaka taubashinsa ne, ɗan gwaggonsa, don haka tsakaninsu babu maganar arziki tun suna yara.

"A'a, makaɗin lahira! Da jarka? Ruwa za ka kai musu?"

"Injinka na zo saurara."

"Ka zo daidai. Shi ma irinka ne, gadonsa aka yi, kuma ba ya jin magana."

Injin Muntaka ya girmi mai shi, kuma bai taɓa yin kuka iri ɗaya sau biyu ba. In an zuba dawa yana tafiya kamar dattijo, tuf, tuf, tuf. In masara ce sai ya kama faɗa. In jiƙaƙƙen wake ne na ƙosai, sai ya koma gunaguni, ya yi tari, ya yi kamar ya mutu, ya farfaɗo. Muntaka kuma yana tsaye da guntun itace yana bubbuga kwanon injin don hatsi ya sauka, kang, kang.

Ranar farko Mani ya so ya haddace injin. Tun hantsi har azahar, da ya kama wani salo sai a canza hatsi. Ya koma gida da ciwon kai. Rana ta biyu ya haƙura da hadda, ya fara ba injin amsa. Injin ya yi tari, ya cike masa gurbin. Muntaka ya ji abin ya yi daɗi, sai ya shiga murɗa totur da gangan, ya ja, ya saki, yana buga kwano a inda Mani bai zata ba.

"Ka kuskure!" in ji Muntaka, yana ihu saboda ƙara.

"Ban kuskure ba!"

Mani ya sake buga kuskuren, ya kuma bugawa na uku, har ya zauna daram kamar da ma nan ne gidansa. Muntaka ya ɗauka a kwano. Daga nan suka gano kuskure in ka maimaita shi da ƙarfin hali, babu mai iya kama ka.

Sati biyu suna wannan. Layin niƙa ya kai bakin hanya. Inna Sauda mai daddawa sai da ta kawo gari niƙaƙƙe a sake niƙa mata, wai bai yi laushi ba, ta zauna a kan dutse tana kaɗa kai. Mani ya rame, ya yi fari fat da gari, amma yana tafe yana murmushi. Ko kaza ta yi kyarkyara sai yatsunsa su ba ta amsa a cinya.

Abu ɗaya ne babu wanda ya lura da shi. Duk kiɗan da aka yi a rumfar nan, ba Mani ne ya taɓa ƙare shi ba. Kullum injin ne yake yanke hukunci: ko bel ya fice, ko mai ya ƙare, ko hatsi. Shi dai in ƙara ta ɗauke sai ya sauke hannu. A da can, inda hadda ta ƙare nan yake tsayawa. Yanzu kuwa babu hadda.

Ranar gayya ƙasa ta yi laushi, an yi ruwa shekaranjiya. Maza talatin suka jeru a bakin gonar Alhaji Abdulmumini, kowa da fartanya a hannu. Gonakinmu kuwa a manne suke kamar haƙora, in ka yi atishawa a taka na kusa zai yi maka addu'a daga tasa. Abin da ya raba wannan da waccan tushen gamba ne jefi-jefi. Ta Alhaji ta ƙare a tsamiya. Daga tsamiya sai ta Malam Sama'ilu, mutumin da ya shekara ashirin yana gaya wa jama'a ganga shagala ce, kuma ciyawar harƙiya a gonarsa ta kai gwiwa.

Baba Nababa ya zauna a inuwar ɗorawa, ya miƙa wa Mani ganga. Kusa da shi Zakiyyu ya jingine babur, ya zo da doguwar igiyar roba ta ɗaure kaya yana wasa da ita a hannu.

Mani ya rataya ganga. Ya ɗaga gula, ya kalli igiyar nan, sai kansa ya ɗauke ɗif kamar wutar lantarki. Hannu ya koma inda ya saba. Taken marigayi na farko ya fara fitowa tsaf.

"Allah ya jiƙansa," wani ya faɗa daga cikin layi. Zakiyyu ya fara warware igiya.

Sai Muntaka, da ke tsakiyar layin, ya ɗaga fartanyarsa ya ƙwanƙwasa a kan ta na kusa da shi. Kang, kang. A wurin da ba a zata ba.

Kunnen Mani ya buɗe. Ya ba shi amsa. Wani ya kai sara ƙasa, cas, shi ma ya ba shi. Aka fara tafiya. Sai ya ji ashe gonar cike take da abokan kiɗa: fartanya talatin kowace da muryarta, ga nishi, ga wani mai ɗingishi a gefen hagu wanda saransa kullum yake makara da kaɗan. Mani ya ɗauki makarar nan ya yi mata ɗaki a cikin kiɗan. Mai ɗingishin ya ji an san da shi, ya yi kururuwa, ya ƙara wuta.

To ga inda aka samu akasi. Manomi a gayya ganga yake bi. Mani kuma fartanya yake bi. In suka ɗan ƙara sauri sai ya ce haka suke so, ya ƙara. Su kuma su ji ganga ta ƙara, su ce haka makaɗi yake so, su ƙara. Kowa yana ganin ɗan'uwansa ne direba. Ƙasa tana tashi, ciyawa tana kwanciya. Tsohon da ke gindin ɗorawa bai san lokacin da ya haɗiye goron bakinsa ba, babban yatsan ƙafarsa yana ta motsi a cikin takalmi.

Suka iso tsamiya rana ko tsaka ba ta yi ba. Matan da aka aiko da fura ba su ma gama fitowa daga gari ba.

A al'ada, in an zo iyaka makaɗi ne yake sauke kiɗa, sannan maza su ɗago. Wanda duk ya riga ganga ɗagowa ya shiga uku, shekara guda ana kiransa rago har a wurin ɗaurin aure. Saboda haka babu wanda ya ɗago. Mani kuwa yana jiran fartanyoyi su mutu kamar yadda injin yake mutuwa. Suna jiransa, yana jiransu. Aka bi ta kan gamba aka nome ta, aka faɗa gonar Malam Sama'ilu.

Malam yana can ƙarshe yana fama shi kaɗai, ya ɗago ya ga maza talatin sun doso shi da ganga. Ya taho da gudu yana ɗaga hannu.

"Subhanallahi! Ku tsaya! Gonata ce! Gonata ce!"

Mani da ya saba duk abin da aka jefo sai ya cafe, ya ɗauki ihun Malam ya sa a ganga, daidai tsawonsa daidai faɗinsa. Maza suka karɓa da baki. Malam ya sake ihu, aka sake ba shi. Kafin ya ankara ya zama mai ba da waƙa, talatin suna masa amshi, kuma akwai shaidu uku da suka rantse sun ga kafaɗarsa ta dama tana hawa tana sauka. Da ya duba inda suka baro ya ga fes, babu ko ƙwayar harƙiya, sai muryarsa ta ragu. Can aka ji yana cewa, "Wannan shagala ce, wallahi shagala ce. Kai na gefe, ka bar wata can kusa da kuka."

Daga ta Malam aka shiga gyaɗar Inna Sauda. Daga nan aka shiga wata gonar da masu ita suke can birni, a Bacirawa, shekara biyu ba su leƙo ba. Alhaji Abdulmumini yana biye, babbar riga a kafaɗa, yana ihu shi fa gona ɗaya ya dama wa fura. Bayansa mata da ƙwarya a ka suna bin sawu.

Mani kansa hannu ya fara sagewa, gumi ya rufe masa ido. Ya matsa kusa da Muntaka, bai daina bugu ba.

"Muntaka! Yaya ake tsayawa?"

"Ni ka tambaya? Nawa bel ne yake ficewa!"

"To ka ɗago mana!"

"In ɗago ka samu abin faɗa har jikoki? Allah ya kiyaye!"

Tani ce ta fara gane inda aka dosa. Gaba kaɗan filin ƙwallon makaranta ne, bayansa kuma titi. Ta sauke ƙwaryar fura, ta koma da gudu gindin ɗorawa ta durƙusa.

"Baba, in ba ku tashi ba, ganga da ƙafarta za ta kai kanta Shanono."

Tsoho ba ya iya sauri. Aka ɗora shi a babur ɗin Zakiyyu, kuma don kada ya faɗo, igiyar da aka kawo saboda ganga da ita aka ɗaure shi a bayan Zakiyyu, zagaye uku. Za su tashi, Tani ta kwance bakin zaninta ta ɗauko wani ƙaton farin goro ta miƙa da hannu biyu.

"Yarinya, ana wannan wa yake ta goro?"

"Ku dai tauna a hanya, Baba."

Suka bi ta burtali suka sha gabansu a filin makaranta, an riga an nome gaban raga guda. Hedimasta yana tsaye da alli a hannu, baki buɗe.

"Kai wancan! Tsaya!"

Mani ya cafe ya sa a ganga. Maza suka amsa.

"Na ce ka tsaya, mara jin magana!"

Wannan ya fi na farko daɗi, aka ƙara wuta.

Tsohon ya buɗe baki zai yi na uku, sai ya ji bakin a cike. Ya dubi ɓarin goron da ya rage a hannunsa, ya dubi ɗansa, sannan ya gane. Ya ja numfashi tun daga cibiya, ya yi kaki, ƙaaaƙ.

Gula ta tsaya a iska.

Tsohon ya juya hagu ya tofar. Da yake a ɗaure yake juyawar ba ta kai ba, rabi a kafaɗar Zakiyyu ya sauka. Mani ya juya hagu ya kalli ƙasa. Kafin ya ɗago ya ɗora, Muntaka ya yi tsalle ya fizge gular ya zauna a kanta. Maza suka zube a wurin kamar buhunan da aka sauke daga mota. Ba ka jin komai sai haki. Can daga gari ladan ya kira azahar.

Aka kwance tsoho aka zaunar. Zakiyyu yana goge kafaɗa ya ce, "Baba, tsamiya fa aka ce. Wannan ai ya wuce ƙa'ida."

"Ya kai tsamiya ko bai kai ba?"

"Ya kai. Amma ya fara taken mamaci, kowa ya ji."

"Rabi ya yi. Kuma mamacin mutumin kirki ne."

"Saura ƙiris dai ya ƙara wa mamatan mutum talatin," in ji Muntaka daga ƙasa.

Tsoho bai yi dariya ba. Ya yafito Mani. Mani ya zo ya tsuguna, ganga a gaba, idonsa a kan igiyar da ke yashe.

"Kai wancan. Abin nan da ka kaɗa wajen shiga gyaɗa, wanda ya yi kamar zai faɗi kuma ya miƙe. Na wa ne?"

"Ban sani ba, Baba. A nan na tsince shi."

"Maimaita min."

Mani ya daddana ganga da yatsa. Ya dubi sama. Ya sake daddanawa. Idonsa ya kawo ruwa, don ya tabbata shi ke nan ta tafi Shanono.

"Baba, ku yi haƙuri. Na manta."

Tsohon ya ɗaga hannuwansa masu rawa sama. "Alhamdulillahi. Shekara arba'in ina roƙon Allah yaron nan ya manta wani abu." Ya juya wajen Zakiyyu. "Naɗe igiyarka. Ka nemi bokiti ka sa wa fitilar."

Sai da mai unguwa ya kwana uku yana sake dasa gamba, kowa yana rantsuwa tasa ta fi haka faɗi. Alhaji Abdulmumini har yau bai huce ba, in ya ga Inna Sauda sai ya ce mata, "Inna, yaya gyaɗarmu?"

Ganga tana ɗakin Mani yanzu. Bana gayya tara ya yi, babu wadda ya kaɗa kamar 'yar'uwarta. Tsayawa ce dai har yanzu shiru. An gwada Muntaka ya yi kakin, Mani ya cafe ya sa a kiɗa. Zakiyyu ya ɗauki na tsohon a waya aka saka a sifika, Mani ya ce wannan ba shi ba ne, babu danshi. Shi ya sa duk gayyar da aka kira shi sai an kira uban, a kai shi iyaka a zaunar da goro biyu. Tsohon da a da kullum cikin wasiyya yake, yanzu ya ce ba shi da lokacin ciwo sai bayan girbi. Tani ta ce satin jiya Mani ya tsaya da kansa sau ɗaya, har an fara murna, sai aka duba aka ga gula ce ta karye.

Malam Sama'ilu kuwa bai canza magana ba, ganga shagala ce. Sai dai jibi maƙwabcinsa na gabas zai kira gayya, kuma jiya an gan shi a zauren Baba Nababa da ledar dabino, yana yi wa tsohon nasiha cewa goro a irin shekarunsa ba shi da kyau ga zuciya.